Karsanar Samba

Litinin, 1 ga Yuli 2024
Karsanar Samba ta mutu. Gyauron dawa ta ci a bayan gona, kafin in iso ciki ya kumbura. Habbanaye ya ba ni ita, irin aron da Fulani ke yi wa amini: in ta haihu 'ya'yan nawa, uwar ta koma garkensa. Ko haihuwar fari ba ta yi ba. Na tura masa bokal, wato saƙon murya ta waya, na faɗa masa.

Laraba, 3 ga Yuli
Ya saurara. Bai ce uffan ba.

Jumma'a, 5 ga Yuli
Matata Haula ta ce in hau moto, wato babur, in tafi rugar su Samba, wajen Bader Goula. Wai, "Malam, mutuwar saniya ba a hwaɗinta a waya." Mace ta ga abin faɗa. Ni na kashe ta? In je in durƙusa kamar ɓarawo? Na ƙara tura wani bokal, na yi bayani dalla-dalla. Da na sake saurara sai na ji muryata kamar ta mai faɗa. Amma saƙon ya riga ya tafi.

Lahadi, 7 ga Yuli
Idrisa dillali ya ce ya ji Samba na cewa na sayar da ita ne. Ni kuma bakina bai da linzami, na ce abin da na ce, kuma na san zai kai masa da ƙari. Samba fa, mutumin da muka tashi tare a bakin rijiya ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, tuwo ma ya ƙi shiga.

Talata, 9 ga Yuli
An ce jibi su Samba za su tashi arewa da shanu, sai kaka. Su tafi mana.

Laraba, 10 ga Yuli
Na je. Ban san yadda aka yi ba, na dai tsinci kaina a kan moto.
Ya rame. Ya shimfiɗa tabarma, ya ɗora shayi, muka zauna kamar masu zaman makoki. Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu. Can ya ce, "Sallau, an samu yanka ta?" Na ce an samu. Ya ce, "Ta wahala?" Na ce kaɗan, kanta na kan cinyata. Sai ya rufe fuska da rawani.
Ashe jikar saniyar da mahaifiyarsa ta bar masa ce, kuma ita kaɗai ta rage a zuri'ar saniyar. Ban taɓa sani ba. Zancen sayarwa kuwa, ya rantse bai fito daga bakinsa ba, kuma na yarda, don ina kallon idonsa. Ya ce, "Ni ba biya nika so ba. So nika ka zamna nan ka hwaɗa mani yadda ta ƙare."
Na faɗa masa, tun daga farko. Ni ma na yi hawaye, babban banza.

Alhamis, 11 ga Yuli
A rugar na kwana, da safe suka tashi. Bai yi zancen wata karsana ba, ni ma ban yi ba. Abin bai koma kamar dā ba, ƙarya ne in ce ya koma. Amma da ya yi nisa ya juyo ya ce in aje wa shanunsa karan gona in an yi girbi. Na ce sai na gani.
Da la'asar, bayan na dawo gida, ƙanen Haula ya zo neman in aje masa karan tun da wuri. Na ce masa karan da mai shi.