Yaya Madu, Littattafanka Sun Cika Mana Ɗaki

Daga Gashuwa, bakin kogi.

Zuwa ga yayana Madu, a duk garin da yake.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka, ina fatan takardar nan za ta same ka a raye, da ƙarfinka. Ni ne ƙaninka Bukar. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Wasiƙar nan ban liƙe ta ba. Na kwafe ta da hannuna, na ba direbobin Nguru, na ba fataken kanwa masu bi ta Kumagannam, na ce duk wanda ya ga dama ya karanta, a zaure ko a tasha. Tunda ba ka taɓa faɗa mana inda kake kwana ba, sai ka ji zancen gidanku a bakin jama'a.

Littafinka ya iso. Na goma sha tara ke nan. Wani mai fataucin shanu ne ya kawo shi, a naɗe cikin fata yadda ka saba. Na tambaye shi ko ka ba shi saƙon baka, ya ce ko ɗaya. Na buɗe inda ka saƙala tsinken kaba, sai na ga babin haƙuri. Haƙuri, Yaya Madu! Mu za ka aiko wa babin haƙuri? Shekara goma sha huɗu me muke yi a gidan nan?

Ban manta inda abin ya samo asali ba, kada ka zaci na manta. Lokacin babban yaƙin Turawa ne, kuna dawowa daga gonar shinkafa ta wajen Dagona, ruwa ya cika ya batse. Kwalekwale ya kife da ku. Ka fito da 'yarka Falmata a kafaɗa, tana 'yar shekara biyu, ka koma ka yi nutso har jini ya fito maka ta hanci, ba ka samu matarka Amsa ba. Sai bayan kwana biyu aka ga gawarta cikin ciyawa. Wata uku ka yi ba ka magana. Iya tana dama maka kunu, yana hucewa a gabanka.

Ni na ja ka zuwa Nguru, kuma har yau ina cizon yatsa. Na ce ka raka ni kai bandar kifi, ko iska ta buge ka. Muna jiran a sauke kayan jirgin ƙasa, ka ga wani dattijo Bakano ya baje littattafai a tabarma, kusa da buhunan gyaɗa. Ka durƙusa. Na je na gama cinikina, na sha fura, na dawo, kana nan a durƙushe. Ka taho da guda ɗaya mai jajayen takardu, wanda ka ce maganin baƙin ciki ne a cikinsa.

Gaskiya a farko mun yi murna. Ka fara cin abinci, ka fara zuwa jam'i. Iya har sadakar waina ta yi.

Daga nan ka tashe mu tsaye. Ba wanda zai yi tari a gidan nan ba ka nemo masa babi ba. Matata Fanna ta ƙona hannu a murhu ta yi tsaki, ka tsaya a bakin madafa kana karanta mata illar fushi, tuwo yana kamawa. Taruna ya yage a kan kututture, ina zaune ina ɗinki rana tana dukana, ka zo ka ce, "Bukar, ba taru ne ya yage ba, zuciya ce." Ko zaren ba ka riƙe mini ba. Shekarar da tsuntsaye jan-baki suka sauka a shinkafarmu, kowa yana gona da gwangwani yana ihu, har Iya da ciwon ƙafarta, kai kana gindin tsamiya kana gaya wa masu wucewa cewa duniya ba wurin zama ba ce. Mun sani! Amma kafin mu bar ta ai sai mun ci.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ban iya jurewa ba shi ne Falmata. Za ta taho da gudu ta faɗa jikinka, sai ka ɗaga littafi ya rufe maka fuska. Ta ja bakin rigarka, ka ce, "Je ki wurin Iya, ina karatu." Na lura tun a lokacin ba ka duban idonta. Idon uwarta ne sak, kowa ya sani.

Tana shekara huɗu ka rataya gafaka, ka ce za ka Nguru wurin wani malami ya warware maka wani littafi mai wuya. Ka ce kwana uku. Ko tabarmarka ba ka naɗe ba.

Tun daga ranar ba mu ƙara ganin komai naka ba sai littattafai. Wani na tsarkake zuciya, wani na tuba, wani na yadda mutum zai san kansa, wasu waƙoƙin wa'azi ne da ajami da ka kwafa da hannunka. Ka san hidimar da suka sa mu? Gara ta tasar musu, na kafa maratayi. Ɓeraye suka hau, na sa maƙeri ya yi mini akwatin ƙarfe. Shekarar da ruwa ya ci unguwarmu, Fanna, wadda ka yi wa wa'azin fushi, ita ta fara ɗora su a ka cikin masaki ta kai tudu. Kafin ta dawo geronmu ya jiƙe, wata guda muna cin tuwo mai tsami. Na yi mata faɗa, ta ce, "Kayan uban yarinya ne, in ya dawo me za mu ce masa?"

Sau ɗaya na ji labarinka da tabbas. Wani mai jaki ya ce ya gan ka a Macina, kana zaune a zauren wani mai sayar da fatu. Na bar kifi a kan wuta na kama hanya, rabi a mota rabi a ƙafa. Na iso na tarar da tabarma da buta. Mai gidan ya ce shekaranjiya ka tashi, da ka ji an ce wani daga Gashuwa yana tambayarka. Ya miƙo mini ƙunshi, ya ce ka ce a ba duk wanda ya zo. Babin yafiya ne a ciki. Wallahi da ba don sunan Allah da ke cikin takardun ba, da a rijiyar garin zan bar su. Na riƙo abina na dawo, duk hanya ina yi maka faɗa ni kaɗai, har direba ya tambaye ni ko lafiya.

Yanzu bari in ba ka labarin 'yarka, tunda ba ka tambaya ba.

Ita ta matsa sai ta yi karatu. Ta je wurin matar liman ta sauke, ta iya ajami, ta zo ta tsare ni sai na koya mata ɗan abin da na sani na Larabci. Na ɗauka son ilimi ne. Ashe ta ga kana rubutu a gefen shafuka, shi take son karantawa. Ta bi littattafan nan ɗaya bayan ɗaya, shafi shafi, da yatsa. Wata ranar Juma'a da hantsi ta kawo mini guda ta buɗe. Gefen shafin duk sunan Amsa ne, daga sama har ƙasa, ka rubuta ka sake rubutawa har alƙalami ya huda takarda. Ta ce ta duba duka, nata sunan babu ko sau ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Baffa, ai ni ma ina cikin kwalekwalen nan."

Kai mai babi-babi, wanne za ka buɗe mata?

Iya ta rasu da daminar bara waccan. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, ka sani, amma duk ƙunshin da ya zo sai ta ce a miƙo mata. Ta sansana fatar, ta shafa ƙullin igiyar, ta ce, "Har yanzu da hagu yake ɗauri." Ranar da za ta cika ta sa aka juyar da gadonta ya fuskanci ƙofa.

Da kakar bana aka ɗaura wa Falmata aure da wani manomin shinkafa na Dagona, yaro mai kunya, ita ta ce shi take so. Da liman ya tambayi waliyyi, sai na ce ni ne. Na tsaya maka. Amma ba wurina ba ne, kuma duk wanda ke zauren ya san haka.

Akwai abin da ba na son faɗa, amma zan faɗa. Bayan rasuwar Iya na kasa zuwa kogi. Fanna ce ta buɗe akwatin ta ajiye mini na farkon nan mai jajayen takardu. Na karanta shi a hankali, kwana da kwanaki, kuma ya yi mini amfani. Waɗanda suka rubuta littattafan nan sun san ciwo, ba ƙarya suka yi ba. Na gane abin da ka ji a tashar Nguru. Sai dai na ga abin da ban taɓa ganin tsinkenka a kansa ba: kusan kowannensu yana da babin zumunci, da babin haƙƙin 'ya'ya a kan mahaifi. Shafukan nan fes suke, ko alamar yatsa babu. Ka iya tsallake, Yaya Madu.

Ka saurare ni, ɗan uwana. Ba wanda ya taɓa ɗora maka laifin kwalekwale. Iya ba ta ɗora ba, dangin Amsa ba su ɗora ba, ni da na ga jinin da ya fito maka ban ɗora ba. Ruwa ne, kuma kwananta ne ya ƙare. In kana jira sai zuciyarka ta yi fari tas kafin ka dawo, to mu ba tsarkaka ne a gidan nan ba, haka muke zaune da tabonmu. Kai ne ka koya mini iyo a mashayar shanu, hannunka a ƙarƙashin cikina, kana cewa kada in ji tsoro kana nan. Wannan mutumin nake nema. Malamin ya isa haka.

Falmata tana da ciki, ana sa ran haihuwa da tsakiyar damina. Na gaya mata zan rubuta maka, na ce me zan faɗa. Ta daɗe tana tsince shinkafa a faifai, sannan ta ce in gaya maka ba sai ka yi bayani ba. Ka zo ka zauna kawai, ta ga irin tsufan da ka yi.

Yanzu rani ne, hanya a bushe take, motar Nguru tana shigowa duk ranar kasuwa.

Allah Ya sanyaya maka abin da ke ƙona ka. Allah Ya jiƙan Iya da Amsa, Ya haskaka kabarinsu. Allah Ya sauki Falmata lafiya, Ya sa kai za ka yi wa abin da ta haifa huɗuba da bakinka. Ya yafe mini zafin harshena, Ya karkato da ƙafarka gida muna da rai. Amin.

Fanna tana gaishe ka, ta ce in ƙara da cewa har yanzu tana yin tsaki.

Ni ne ƙaninka, mai fushi da kai, mai jiranka,
Bukar.