Ƙarfen da Ka Bari a Ɗakin Inno

Kalgo, 14 ga Maris, 1993

Zuwa ga ƙanena Lukuman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a can Laberiya, Ya tsare ka da abokan aikinka sojoji. Mu nan kalau. Albasa ta yi kyau bana, matata Zulai ta sauka an samu namiji, ƙafar Inno ma ta yi sauƙi.

Sai dai ni hankalina a tashe yake, kuma kai ne sanadi. Ka tuna ƙarfen nan mai tsini da ka zo da shi hutu, ka ce a daji ka tsinta? Ranar kasuwa na ji rediyo yana ta ambaton kan roka, sai na ja Baba Albarka, tsohon sojan nan mai sayar da igiya, da hira. Ya ce roka kamar kibiya take: jikin kyauro ne kawai, kan ne mai dafin, nan ake ɗura abin fashewa, kuma wanda bai tashi ba barci yake, ba mutuwa ya yi ba. Na kwatanta masa naka, amma na ce a Sakkwato na gani, ka dai san bakin kasuwa. Ya ce in daina bi ta wannan unguwa.

Washegari na yi sammako zuwa Gwandu. Na tarar Inno ta tokare ƙofa da shi, dab da murhu, jikoki suna hawa kai. Duk daɗin bakin da nake sayar da albasar bara da shi na zuba mata, ta ƙi. Ta ce ba a fitar da kayan matafiyi daga ɗaki, sai in ba a so ya dawo. Har hawaye ta yi. Iyakar abin da na samu, na kife shi da kwando, na hana yara shiga.

In na kai wa hukuma, kakinka nake ji wa. In na yi shiru, gidan ne. Gaba kura, baya sayaki. Don Allah ka rubuto wa Inno da hannunka cewa kai ka ce a ɗauke, taka kaɗai za ta ji, kuma ka faɗa mini wanda ya dace ya taɓa shi. Ita tana tsoron kada ka kasa dawowa, ni kuwa ina tsoron ka dawo ka rasa wanda za ka tarar.

Kawu Bawa na Diggi, Fatsuma da Zulai duk suna gaishe ka. Kada ka jira hutu, ka ba da amsa ga duk mai tahowa.

Ni ne yayanka,
Atiku