Kwamfutar Baban Eun-ju

Seogwipo, farkon Janairu

Ƙanina Chang-hun,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da matarka da yara kuna lafiya. Ga kwalin lemu nan. Na ƙasan sun fi tsami, su za ka ba maƙwabtan shagonka. Kada ka kira ni a waya ka ce sun iso. Ka san shekarun da na yi ina nutso a teku sun cinye mini kunne, sai dai ka yi ta ihu a tsakiyar kasuwar Yongsan a ce ka zautu.

Kwamfutar marigayi baban Eun-ju ta tsufa. In na kunna ta sai in ɗora miya, in wanke kwanuka, in dawo in tarar tana miƙa kamar kai ranar Lahadi. Da 'yata Eun-ju ta zo daga Busan ta ce in sa wa kwamfutar wani sabon ma'ajin bayanai wai shi SSD, don ta yi sauri. Na je shagon da ke bakin tasha, mai shagon ya zube mini su a tebur kamar kifi, wannan 64, wannan 128, wancan 256, har da wani mai arha marar suna. Ban saya ba. Ina da ƙani a Seoul da ke cin abinci da wannan sana'a, me zai sa bare ya yi mini wayo?

Ka san abin da ke ciki. Da likita ya gaya wa baban Eun-ju gaskiya bara, bai zauna kuka ba. Kyamara ya ɗauka ya bi gonar lemunmu layi-layi yana nuna yadda ake datse rassa da yadda ake yi wa ƙananan bishiyoyi aure. Ni ban iya komai ba sai tsinka. A watan Maris ake datsewa, kuma ba ni da malami sai waɗannan bidiyoyin. Ba na jin abin da yake cewa, hannunsa nake kallo.

Ka faɗa mini wanda zan saya, a taƙaice.

Yayarka,
Sun-deok

*

Yongsan, tsakiyar Janairu

Yaya,

Gaisuwa da girmamawa. Lemu ya iso, na kuma raba masu tsamin kamar yadda aka umarce ni. Maƙwabcina ya ci ɗaya, har yanzu idonsa bai buɗe ba.

Kin ce a taƙaice, to ga shi. Marar sunan nan ki bar wa mai shi, arha ba ta ado. In ya mutu ba wanda za ki riƙe wa riga. Na 64 kuwa ɗakin haya ne, kafin ki shigar da tabarma ya cika. Bidiyo na da cin wuri, kuma na san mijinki, in ya fara bayani ba ya sanin inda zai tsaya. Na 256 za ki ɗauka, mai garanti. Ni zan saya, kada ki fara mini maganar kuɗi.

Bambancinsu ba wuya. Tsohon da ke cikin kwamfutarki faifai ne mai juyawa, da allura a kansa kamar garmahon Baba. Sabon ba abin da ke motsi a cikinsa, shi ya sa yake da sauri.

Abu ɗaya nake so ki yi mini. Nauyin da kika ce tana yi bai kwanta mini ba. Ki kira matar Yang ta maƙwabta ta kasa kunne, ta gaya miki ko akwai wani ƙara da kwamfutar ke yi.

A gaida Eun-ju in ta kira. Au, in ta rubuto.

Ƙaninki,
Chang-hun

*

Seogwipo, ƙarshen Janairu

Chang-hun,

Ina gaisuwa. Matar Yang ba za ta shigo mini ɗaki ba, in ta ji abu da safe kafin azahar duk Jeju ta ji. Kuma ba na bukatar kunnen kowa, ina da hannu.

Tana bugawa. Tun wajen Nuwamba na gane, ranar da na dafa ta zan share ƙura. Sai ta yi ƙwas, ƙwas, ta ɗan huta, ta sake. Kada ka yi mini dariya. Shekarun nan da kunnena ya tafi, ban ƙara jin munsharin baban Eun-ju ba, tafina nake ɗora masa a ƙirji in san yana nan. To haka nake yi da ita yanzu. Na daina kashe ta ma, tunda tashinta wahala ne. Ina gama abin da zan yi sai in zauna kusa da ita da hannuna a kai, wani lokaci har rana ta faɗi ban leƙa gona ba. Gidan nan ya yi mini girma, Chang-hun. Ita kaɗai ce ke motsi a cikinsa ban da ni.

Shi sabon, in an sa, zai riƙa yin haka? In akwai wanda ya fi bugawa da ƙarfi, shi nake so, ko ya fi tsada.

Yayarka

*

Yongsan, ranar da wasiƙarki ta iso

Yaya,

Ki gafarce ni, gaisuwar yau gajera ce. Na biya kuɗin gaggawa don wannan ta same ki gobe.

Ki kashe kwamfutar nan. Yanzu, kafin ki gama karantawa. Ki zare wayarta daga bango.

Ban yi dariya ba. Amma abin da kike ji ba lafiya ba ce. Allurar ce ke neman hanya tana kasa samu, tana dukan gefe tana dawowa. Na sha jin wannan ƙarar a shagon nan, kuma ban taɓa ganin faifan da ya yi ta ya warke ba. Duk sa'ar da ta ƙara a kunne, wani abu na iya gogewa daga aikin da mijinki ya bar miki.

Kin tambaye ni ko sabon zai buga. Da wata ce ta shigo shago da sai in yi mata daɗin baki. Ke ba zan yi miki ƙarya ba. Ba ya bugawa, ba ya rawa, ko ɗumin kirki ba ya yi. Ba kuma irin da za a saya mai yi.

Biyun ba za su zauna miki tare ba, Yaya. In kin bar ta a kunne za ki samu bugun na ɗan lokaci, sannan ya tsaya da kansa ya tafi da bidiyoyin. In kin kashe ta kin aiko mini, ina sa ran ceto su. Na san abin da nake roƙonki ba ƙarami ba ne.

Chang-hun

*

Seogwipo, Fabrairu

Chang-hun,

Na karanta wasiƙarka na jefa ta bayan firji. Na ce yaron da na goya, na share wa majina, shi zai koya mini abin da zan kashe a gidana? Na yi fushi da kai sosai, kuma ban kashe ta ba. Kwanaki na yi a haka.

Shekaranjiya na buɗe bidiyon da yake yi wa bishiyoyin layin kudu aure. Ya ɗaga wuƙa zai tsaga reshe, sai hoton ya tsaya. Na jira, na sake buɗewa, ya ƙi. Hannuna na kanta tana ta bugawa, shi kuma ya daskare da wuƙa a sama.

Na zare wayar. Ban san abu zai iya yin shiru a tafin hannu haka ba. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, don ran nan baƙi sun yi yawa, ina ta zuba musu miya.

Ga ta nan gaba ɗayanta, na naɗe ta da bargo. Ban sa lemu ba, ban huce ba tukuna. In jinkirina ya yi ɓarna, kada ka ɓoye mini.

Sun-deok

*

Yongsan, ƙarshen Fabrairu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ko da ba a huce ba.

Na kai faifan wurin wani abokina da aikinsa ke nan. Duk bidiyoyin datse rassa sun fito lafiya, na kalle su ɗaya bayan ɗaya. Na auren bishiyoyi kuwa guda uku sun tafi, har da na layin kudu. Mun yi iya yinmu. Kin ce kada in ɓoye: da ta zo da wuri, wataƙila da an same su. Wataƙila kuma tun Nuwamba suka fara lalacewa. Ba wanda zai iya rantsewa, don haka kada ki ɗora wa kanki.

Na sa miki na 256 ɗin. Na kuma kwafe komai a wani faifai na ajiye a gidana, don sabon ma ba a ba shi amana shi kaɗai. Tsohon yana cikin kwalin, a ƙaramar jaka. Ba zai ƙara aiki ba, amma ban ga ni ne zan jefar da shi ba.

Mijinki ya iya koyarwa, Yaya. Ni da ban taɓa son gona ba, sai da hannuna ya yi ƙaiƙayi.

Ƙaninki,
Chang-hun

*

Seogwipo, tsakiyar Maris

Ƙanina,

Ina gaisuwa, a gaida mutan gida. Kwamfuta ta iso. Kafin in gyara zama ta buɗe, har kunya ta ba ni.

Na layin kudu kada ya dame ka. Na kalle shi har hannuna ya haddace rabi, sauran rabin zan tambayi tsoho Yang, ko da matarsa za ta kai labarin har Busan.

Har yanzu kowace safiya sai na ɗora tafina a kanta. Ba komai. Ina kewarsa, ba zan ce maka ba na yi ba. Amma tunda ba abin da zan zauna jira, sai in kalli bidiyo ɗaya, in ɗauki almakashi in fita. Na gama layi huɗu. Bishiyar farko na aske ta kamar sabon soja, da yana nan da ya riƙe kai. Ta goma ta fara kama da nasa.

Ka zo lokacin fure ka gani da idonka. Ka taho da takalmin gona, akwai aiki.

Yayarka,
Sun-deok