Shaidar Tabita

Gummi, ranar Litinin

Baban Keziya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar nan da ka ƙi kai wa asibiti? Ina fatan Keziya da Inna suna lafiya. Sabis ya ɗauke a nan, shi ya sa na ba direban Zuru wannan takarda.

Mun gama horon shugabanci da ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa Kirista ta turo ni in yi wa mata. Jiya aka yi bikin rufewa a coci, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Akwai wata Tabita daga wani ƙauye ta wajen Bukkuyum. Mijinta ya rasu, da matsar man gyaɗa take riƙe 'ya'yanta. Da ta zo, ko sunanta ba ta iya faɗa da ƙarfi. Ni na koya mata ta tsaya ƙyam, ta kalli mutane, ta ɗaga murya. Ka san halina in na sa abu a gaba. Na matsa mata sai ta ba da shaida kamar yadda muke yi a gida. Ta kuwa zayyana komai: injin da ta saya, tumakinta, da man da take kai wa masu abinci a wuraren haƙar zinari na Anka. Muka yi ta guɗa. Lasifika kuwa na rataye a waje, yadda aka saba ran Lahadi.

Da aka watse, Malam Lado, telan da shagonsa ke jikin katangar coci, ya ja ni gefe. Ya ce a ƙasar nan ko manomi ya cika rumbu, kukan fari yake yi, don ba a san kunnen wa ke ji ba. Ya ce wasu baƙi a kan babur sun tsaya ƙarƙashin lasifikar har ta gama.

Ka sa mu a addu'a.

Matarka,
Briskila


Gummi, ranar Alhamis

Baban Keziya,

Ina gaishe ka da gida duka, da fatan kowa lafiya.

Mutanen daji, 'yan bindigar nan, sun aika ƙauyen su Tabita suna tambayar gidan matar da ta yi magana a lasifika. Maƙwabciyarta Hamida, Musulma ce da muka yi horon tare, ita ta zura mata hijabi, ta sa ta cikin ayarin mata masu zuwa suna, har suka iso Gummi. 'Ya'yan suna can gidan Hamida. Tabita na ɗakina yanzu, ko abinci ba ta ci. Ko ƙarar babur na ji a ƙofa sai in leƙa ta taga.

Ana cikin wannan sabis ya ɗan dawo, sai ga saƙo daga ofishinmu, wai in turo bidiyon shaidar da na ɗauka a nuna wa duniya. Na goge shi. In za su kore ni, su kora.

Malam Lado ya ba da shawara ɗaya. Tunda a lasifika suka ji Tabita na da abin hannu, sai dai su ji a lasifika cewa ba ta da shi. Fasto bai ce a yi ba, bai ce kar a yi ba. Tabita ta ce ita ba za ta tsaya a gidan Allah ta yi ƙarya ba, ko da yanka ta za a yi. Ina tsoro ƙwarai, ban san abin da zan yi da ita ba.

Kada ka gaya wa Inna.

Taka,
Briskila


Gummi, ranar Lahadi

Baban Keziya,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku. Na samu amsarka, kuma na ji, zan dawo. Amma bari ka ji yadda aka yi.

Ashe Tabita ta aika wa Hamida saƙo ban sani ba. Da saƙon ta sa aka fito da injin tsakar ƙauye aka farfasa shi da guduma a gaban kowa. Tumakin aka rabar, man da ke jarkoki aka raba wa gidaje. Sai da labari ya zo mata cewa ba sauran komai, sannan ta ce min yanzu za ta iya magana, ba ƙarya a ciki.

Yau ta tashi a coci. Ta tsaya ƙyam, ta kalli mutane, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ta ce injinta ya lalace, ba ta da tunkiya ko ɗaya, tana roƙon a taimaka mata da abin da yara za su ci. Ban taɓa samun ɗalibar da ta iya magana kamarta ba. Ni na riƙe mata makirfon, hawaye na zuba.

Malam Lado ya ce mai babur ɗaya ya zo, ya saurara har ƙarshe, ya tayar ya tafi. Ba mu san ko ya yarda ba. Gobe da safe Tabita za ta hau hanyar Bukkuyum, ta ce ba za ta bar 'ya'yanta a hannun mutane ba. Na roƙe ta har da durƙusawa, ta ƙi.

Na zo garin nan don mata su samu abin hannunsu. Yanzu abin da nake roƙon Allah shi ne mutanen nan su yarda Tabita ba ta da komai. Ka taya ni roƙonsa.

Matarka mai ƙaunarka,
Briskila