Tsohuwa Mai Aurar da Kabewa

Zuwa ga Auta, ƙanin mijina,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gwiwar? Ko har yanzu ita ke faɗa maka ruwa na tafe?

Bayan gaisuwa, wuya ce ta sa na tuna da kai. Kabewar da yayanka ya saba shukawa, Allah ya jiƙansa, bana ni na shuka. Taki na ba ta, ruwa na ba ta. Ta yi yaɗo har ta haye katanga, ganye kamar faifai, fure kuwa ba a magana. Amma ko ɗa guda ba ta riƙe ba. Su ƙullu kamar ƙwan zabo, su yi rawaya, su zube.

Shugaban kasuwar manoma ya ce teburin marigayi ba zai ƙara wata kaka babu kowa a bayansa ba. In ban kawo kaya ba, akwai masu jira. Babban ɗana kuwa abin nema ya samu: wai in saki lambun in koma gidansa in huta. Hutu a hawa na uku, Auta! Ko tsiron albasa babu.

Me yayanka ke yi wanda ban yi ba? Ka gaida mutan gida.

Matar yayanka.

*

Zuwa ga uwargidanmu,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan da halinta, kamar ke.

Na yi dariya har da tari. Ke da kika yi shekaru kina wa Yaya gori wai yana gudun shara, yana sulalewa lambu da sassafe da gashin kaza a kunne! Kin ɗauka ado yake yi? Tun da gonar bayanku ta fara feshi ƙudan zuma suka ƙaura, shi ya karɓi aikinsu.

Ki duba furen da kyau. Mai dogon wuya siriri namiji ne. Mai ɗan ƙulli a gindi mace ce. Ki sa gashin kaza ki shafo garin nan mai rawaya daga cikin namijin, ki goga a tsakiyar macen. Da sassafe fa, domin da hantsi ya ɗaga sun rufe baki. Ya roƙe ni kada in faɗa miki, wai za ki sa masa suna.

Allah ya ba da sa'a.

Auta.

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Yana da gaskiya, da na sa masa suna, har biyu ma.

Na karanta takardarka na zauna a bakin rijiya. Ashe mutum sai ya yi zaman shekaru da mutum bai san abin da yake yi kafin shayi ba.

Kazata ba ta yafe min ba har yau. Kullum da asuba ina durƙushe cikin raɓa, daga wannan fure zuwa wancan, kamar mai dalilin aure. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Iya, lafiya? Turare kike shafa musu?" Na ce, "Ɗaurin aure ake, ki rage murya."

'Ya'ya na aurar da dama, ban sha ciwon baya irin wannan ba. Na farko-farkon sun zube, hannuna ya yi nauyi. Amma shekaranjiya na ɗaga ganye na tarar da guda ta kai kan jariri. Ban faɗa wa kowa ba, sai kai.

Ɗana ya aiko da akwatunan kwashe kaya. Sun yi min amfani, na shimfiɗa su ƙarƙashin 'ya'yan kabewar saboda damshi.

Ka ci gaba da addu'a.

Matar yayanka.

*

Auta,

Gaisuwa a gurguje, direba na jira.

Baro bai ɗauke kabewar ba, sai da aka kira mai a-kori-kura. Teburin yayanka har ya lotsa a tsakiya, kuma kafin azahar na karkaɗe zane. Tebur nawa ne, an faɗa a gaban kowa.

Da zan tafi shugaban kasuwa ya biyo ni, murya ƙasa-ƙasa, wai kankanarsa ma zubewa take yi. Gobe da asuba zai zo lambuna ɗaukar karatu. Na ce ya zo da kazarsa, tawa ta kusa zama tsirara.

Wassalam.

Matar yayanka.