Bijiman Baba da Famfon Sola

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Na sake yin lissafin. Litar fetur ta haura dubu, injin ban-ruwanmu kuwa sha yake kamar raƙumi. In muka ci gaba haka, albasarmu ta fadamar Kalmalo gidan mai za mu noma wa. Famfon sola da tsada a farko, amma daga baya kyauta ne. Cikin noman rani biyu ya mayar da kuɗinsa.

Ba mu da abin sayarwa sai bijiman huɗa biyu. Na faɗa wa Baba. Ya ce, "In damana ta faɗi, da mi za mu huɗa?" Na ce ribar albasa za ta sayo wasu. Ya ce, "Kai ka karanta injiniya, Sharafaddeen."

Lahadi, 27 ga Oktoba

An sayar da su a kara, kasuwar shanu. Baba bai je ba. Igiyoyin kawai na kawo mishi.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Kuɗin ba su kai ba. Ko rijiya mai zurfi da famfo mai arha, ko famfo mai kyau a tsohuwar rijiyarmu da ke ja baya duk bazara. Famfo ba ruwa ai banza ne. Na zaɓi zurfi. Tsohon injin ma ya tafi, da shi na cika kuɗin farantan sola.

Asabar, 14 ga Disamba

Ruwa na zuba, ba ƙara, ba hayaƙi. Baba ya yi alwala a bakin tiyo yana dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun rasuwar Inna.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, 2025

Famfon ya ƙone.

Talata, 11 ga Fabrairu

Daidai lokacin da albasa ta fara yin kai. Mai shagon da ya sayar min ya ce kayan arha ba su da garanti. Maharazu, maƙwabcinmu a fadama, yana ba mu hayar injinsa in ya gama nasa, mu sa fetur. Fetur ɗin da na guje wa! Ruwan bai isa duka, dole a zaɓi fangalin da za a bari ya mutu. Ni ke zaɓa. Na bar na gabas, ban ƙara kallon wajen ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Mun cire abin da ya tsira. Kasuwa ta cika da albasa, farashi a ƙasa. In an ajiye zai tashi, amma albasar da ta sha ƙishi ruɓewa take. Mun sayar. Ko ɗan maraƙi ba za ta saya ba.

Da Baba zai zage ni, da na samu sauƙi.

Juma'a, 20 ga Yuni

Ruwa ya sauka sosai. Kowa na huɗa da shanu a garinmu Lafani, mu da garmar hannu. Baba na yin kunyar huɗa ɗaya ya tsaya ya dafe ƙugu. Na ce ya koma inuwa. "Gona ba ta san tsoho ba," in ji shi. Rabi kawai muka shuka. Geron bana ba zai kai mu baɗi ba, na sani. Wannan ban ma yi lissafinsa ba, ina tsoron amsar.

Lahadi, 6 ga Yuli

Shekaranjiya na kwance famfon. Ba don komai ba, hannuna ne ba aikin yi. Wayar ciki ce ta ƙone, siririya suka sa. Da za a sake naɗa ta da mai kauri... Ban gaya wa kowa ba.

Ashe Baba ya ga ƙonanniyar wayar da na zare. Yau ya dawo daga kasuwa ba agogonsa a hannu. Ya ajiye min ƙullin wayar jan ƙarfe kan tabarma. "Na tambaya, anka ce wagga ta fi tsada," ya ce, ya wuce masallaci.

Ban ce zai tashi ba. Amma na fara naɗi.