Inna, Ya Haruna Ya Rabar da Maganinsa a Gona

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Saudatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗiya ga uwa, da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji, autarki Asiya ce. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma albishir gare ni, kuma ban saba riƙe albishir ban kawo miki ba. Masu karantawa tare da mu, ku ma ku matso.

Ya Haruna ya warke, Inna. Amma sai da ya kusa fito min da furfura.

Kin tuna shekarun da kika yi da ƙwannafi? Ki jiƙa kanwa a ƙaramin kofinki ki shanye, ki yi gyatsa, ki koma bakin murhu kina toya kisra, wainar dawar nan tamu mai faɗi. In mun yi magana ki ce, "Ciki ne, kowa da irin nasa." Ranar da muka kai ki asibiti a Wad Madani, awarwaro har zamewa yake daga hannunki. Likita ya ce ciwon daji ne na tumbi, kuma ya yi nisa.

Shi ne ya ja mu gefe ya ce akwai wata ƙwayar cuta, jarsuma, mai zama a tumbi tun ƙuruciya, tana bin 'yan gida ɗaya. Ba kowa take kai wa ga daji ba, amma mu da abin ya taɓa uwarmu, mu je a gwada mu. In an same ta, magani na kashe ta.

Na je, ba a sami komai ba. Babban ɗanki kuwa ya ce shi da gemunsa ba zai ɗauki bayan gidansa a 'yar roba ya miƙa wa wani ba. Na ƙyale shi, har ranar da na shiga gidansa na tarar da shi yana jiƙa kanwa a kofin nan naki. Na rantse ba zan sake taka gidan ba sai ya je asibitin Sinnar an gwada shi. Ya je yana ƙunƙuni, aka kuwa same ta, aka ba shi ƙwayoyi na mako biyu.

Sai ga lokacin tsinkar auduga. A hawasha, gonar nan tamu ta bakin kwalbati, maza kan zauna gindin itace su ci abinci a faranti ɗaya. Ya Haruna ya zaro maganinsa, Malam Isiyaku maƙwabcinsa ya ce ai shi ma cikinsa haka yake yi. To, ke kika raine shi. Ke kika riƙa ce mana, "In kana ci wani na kallo, miƙa masa." Ya ɓalle ya miƙa. Washegari masu ciwon ciki suka ƙaru. Kafin mako ya zagayo magani ya ƙare, gona kaf ana sa masa albarka.

Da aka sake gwaji, jarsuma na nan daram. Likita ya ce rabin magani ba ya kashe ta, taurin kai yake koya mata, kuma magungunan da za a iya sauyawa ba su da yawa. Inna, a hanyar gida cikin raksha, keken haya mai ƙafa uku, na fashe da kuka, na wanke Ya Haruna tas, ban duba girmansa ba. Shi kuwa kallona kawai yake, ya kasa gane yadda kyauta ta zama laifi.

Matarsa Sitana ce ta fi ni dabara. Ta ce ba mai raba Haruna da miƙa hannu, sai dai a raba shi da masu karɓa. Ranar kasuwa muka ɗauki motar haya, muka kwashe duk waɗanda suka sha maganin nan zuwa asibiti, Malam Isiyaku a gidan gaba. Da kin ga dattawa a layi, kowa da 'yar robarsa a aljihun jallabiya, ba mai kallon wani, da kin yi dariya har da hawaye. Waɗanda aka samu da ita, kowa ya fito da ledar maganinsa. Ya Haruna ya waiga hagu da dama, ba wanda zai ba.

Shi aka ƙara masa da dubawa ta na'urar da ake zurawa ta maƙogwaro. Ina zaune a waje, ina ta addu'a. An ga gyambo, amma babu daji. Ya shanye sabon maganin tas, yana mitar bakinsa kamar ya tsotsi ƙusa, Sitana na tsaye a kansa. Bayan wata guda aka sake gwadawa. Babu ita, Inna. Babu ita!

Jiya ya yanka rago na godiya ga Allah. Ya raba har kai da ƙafa, yaransa romo kawai suka samu, ni kuwa wannan karon na ƙyale shi. Ina kallonsa yana bi gida gida da tire, na ce a raina, in Allah ya so wannan zai tsufa, zai ga jikokin da ke ba ki gani ba. Daɗi ya cika ni, kewarki kuma ta zo ta zauna kusa da shi.

Allah ya haskaka makwancinki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara, ya ba 'ya'yanki tsawon ran da za su daɗe suna yi miki addu'a.

Taki har kullum,
Asiya